Hannu Biyu a Takardar Meshak

Sakandaren Gindin Dutse,
ta hanyar Kagoro.
9 ga Oktoba, 1976.

Yaya Hellen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da Baban Edna, da yara duka. Ki gaishe mini da Mama da kyau. Na rubuta da Hausa kamar yadda kika ce domin ki riƙa karanta mata, amma inda kika ga zai tayar mata da hankali ki tsallake.

Na samu ɗaki a gidajen malamai. Yana yoyo a kusurwa ɗaya kawai, na janye gado daga wajen. Da safe dutsen Kagoro ne abu na farko da nake gani ta taga. Ina cin abinci, ki faɗa wa Mama haka, ko da yake ba kullum sau uku ba.

An ba ni lissafi a aji uku, yara talatin da shida. A jami'a an koya mana cewa ɗalibi ya fi riƙe lissafi idan ya faɗa wa ɗan'uwansa da bakinsa, wannan ya ce a'a, wancan ya kawo hujja, har su kai ga amsa tare. Na roƙi Firinsifal, Mista Kumai, ya bar ni in riƙa haɗa su shida-shida kowace Jumma'a. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Malam Rufus, benci ba a yi shi don yawo ba. In ɗaya ya karye, kai za ka amsa.” Amma ya yarda, zuwa ƙarshen zangon nan.

Na yi zaton surutu ne zai dame ni. Yaya, shiru ne ya dame ni. Ina ba su tambaya, sai su haɗa kai wuri ɗaya kamar kaji a kan tsaba. In na matso, ko ɗan raɗan da ake yi sai ya mutu. Takarda tana zagawa a hankali daga hannu zuwa hannu, can sai ga amsa, kuma sau da yawa daidai ce. In na ce, “Wa ya fara ganin hanyar?” sai su ce, “Mu ne, Sa.” In na ce, “Wane ne mu?” sai su dubi juna su yi murmushi, kamar na tambayi abin da bai dace babba ya tambaya ba.

Rukunin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne na bakin taga. Babbansu Meshak ne, ɗan Godogodo. Ya shiga makaranta a makare saboda noma, yanzu har yana aske gemu. Kullum shi ke miƙewa ya karanta amsa, da murya irin ta mai karanta Zabura ranar Lahadi. Jiya na tsayar da shi a layi na uku na ce, “Don me wannan ya biyo bayan wancan?” Ya dubi rufin ɗaki ya ce, “Sa, haka ya fito.” Aji ya yi dariya, ni ban yi ba. Akwai wata yarinya a cikinsu, Afiniki, ita ce ƙaramarsu. Ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna. Amma na ga yatsanta yana tafiya a kan benci, yana zana abu, kafin kowa ya ɗauki fensir. Ban ce ita ke samo hanyar ba. Ba ni da hujja.

Na ma gwada su. Na rubuta kuskure a allo da gangan, na jira wani ya ce, “Sa, ba haka ba ne.” Ba wanda ya ce uffan. Da na karɓi littattafai, fiye da rabinsu sun gyara shi a nasu, shiru. To me zan yi da yaran da suka san daidai suka ƙi faɗi? In Mista Kumai ya tambaye ni abin da Jumma'a ta haifar, ban san me zan nuna masa ba.

Ki sa ni a addu'a. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanenki,
Rufus Kambai.


Zonkwa,
17 ga Oktoba.

Malam Mai Digiri,

Mun gode Allah, duk muna lafiya, muna gaishe ka. Ban tsallake komai ba, Mama ta fi ka ƙarfin zuciya. Abin da ya tsaya mata kawai shi ne “ba kullum sau uku ba”. Ta ce in tambaye ka ko digiri ake dafawa a Kagoro. Za ta aiko maka da acca da yaji ta hannun maƙwabciyarmu Bernice in za ta kasuwar Kafanchan.

Kai kana kukan shiru! Zo mu yi musaya. Tun da aka ce firamare kyauta ce, ajina ya koma gindin mangwaro. Yara sun fi saba'in, wata ma da ƙaninta a goye. In na dawo gida kunnena yana ta ƙara kamar an buga garwa.

Auta, ka daɗe a makarantar kwana, ka manta gida. Yaron da aka rena a garuruwanmu ba ya nuna wa babba kuskurensa a gaban jama'a, balle malami mai taye a wuya. Kuma tuwo in ya yi daɗi ci ake yi, ba a bin gida ana tambayar wa ya yi daka. Ka daina tsaya musu a ka kamar shaho, ka koma bakin ƙofa ka bar su su sha iska. In dai sanin kan kowa kake so, su yi tare, amma kowa ya ba ka tasa takardar. Ba sai an je Zariya a koyi wannan ba.

Edna ta ce ka zo mata da alli mai launi. Ƙaninta Simon ya cire haƙori, yana bin mutane bayan sujada yana nuna musu ramin. Ka ci abinci. Allah ya ba ka haƙuri da yaran mutane.

Yayarka,
Hellen.


Gindin Dutse,
30 ga Oktoba, 1976.

Yaya Hellen,

Ina gaishe ku duka cikin Ubangiji. Acca ta iso, ki yi wa Mama godiya. Wannan wasiƙar kada ki karanta mata duka.

Na bi shawararki. Na ce su yi tare, su taimaki juna, amma kowa ya kawo tasa takardar. Na ƙara abu ɗaya daga kaina, kuma shi ne ya jawo masifa: na ce makin Jumma'a zai shiga cikin makin zango, don su ɗauki aikin da muhimmanci.

Jiya na ba su alwatika wadda kusurwoyinta biyu na gindi suke daidai, na ce a nuna cewa gefenta biyu tsawonsu ɗaya. Aikin layi takwas ne, kowane layi yana dogara da na samansa. Na koma bakin ƙofa na tsaya. Daga nan na ga Meshak ya rubuta layi uku ya tsaya yana cizon fensir. Afiniki ta gama tata ta kife. Ba ta ce masa komai ba. Ta ja takardarsa a hankali, ta fara rubutu daga can ƙasa, tana hawowa sama. Ta yi layi huɗu da ƙananan haruffanta masu ɗan karkata, ta tura masa, ta juya tana kallon taga. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya rubuta layi ɗaya a tsakiya, aikin ya haɗu.

Yaya, ban taɓa ganin ɗan aji uku ya yi haka ba. Ta fara ne daga abin da ake so a nuna, ta tambayi kanta me ya wajaba ya zama gaskiya kafin wannan, sannan kafin wancan, har ta kusa inda ya tsaya. Ni sai a jami'a aka koya mini wannan hanyar a fili.

Ina zaune a ɗakin malamai ina kallon takardar, murna ma nake yi, sai Mista Kumai ya shigo ya tsaya a bayana. Ya ce, “Hannu nawa ne a nan?” Na ce biyu. Ya ce na wa da wa. Ya tambaye ni, na faɗa masa abin da na gani, ba ƙari ba ragi. Ya ce, “Makin yana shiga na zango?” Na ce yana shiga. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Dokar makaranta ta ce wanda ya rubuta wa wani aikin da ake ba da maki a kai za a kore shi, wanda aka rubuta wa kuma ya maimaita aji. Na yi ƙoƙarin in yi bayani. Ya ce bara ya kori ɗan fasto a kan irin wannan, ba zai bar wata bana ba a ce yana zaɓen fuska. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Litinin 22 ga Nuwamba.

Na yi tambaya a kanta. Mahaifinta manomin citta ne a bayan dutse. Ita ce mace ta farko a gidansu da ta wuce firamare, kuma ’yan’uwan babanta ba su so ba tun farko. In ta koma da akwati a ka, babu wata makaranta a gabanta.

Ban yi ƙarya ba, ban yi ƙari ba. To me ya sa nake jin kamar ni na kore ta? Ki rubuto da wuri.

Ƙanenki,
Rufus.


Zonkwa,
4 ga Nuwamba.

Rufus,

Muna lafiya, muna gaishe ka. Wannan karon na tsallake. Mama ta ji labarin acca kawai, amma ta kalli fuskata ta ce, “Me yaron nan ya yi?”

Ni na ce kowa ya ba ka takarda. Ban ce ka je tsakiyar ɗakin malamai ka shanya ta kamar citta ba. Kai tun kana yaro in an tambaye ka wa ya fasa tulu, sai ka faɗi suna, ka ƙara da wanda ya tsaya yana kallo.

Yanzu saurara. Ka tuna gayya? Ranar huɗa samari suna jeruwa, kowa da garmarsa, kowa da kunyar da zai huɗa daga wannan bakin gona zuwa wancan. A garinmu wanda ya riga ya kai ƙarshe ba ya zama. Yana duba wanda aka bari a baya, ya shiga tasa daga wancan bakin, yana tahowa wajensa. Ba ya kiran sunansa, ba ya ce masa ka gaji. In saura kaɗan su haɗu sai ya ɗauke garmarsa ya wuce, mai aikin ya yi saran ƙarshe da hannunsa. Da yamma in an zauna shan kunu, shi ya gama aikinsa, ba wani ba. Wanda ya buɗe baki ya ce ni na taimaki wane, ba a sake kiransa gayya.

Karanta wasiƙarka ka gani. Ta fara daga wancan bakin. Ba ta yi magana ba. Ta bar masa saran ƙarshe. Kai ka ce su taimaki juna, taimakon da suka sani ke nan, kuma mutunta shi ta yi, shi da ya girme ta nesa ba kusa ba. “Mu ne, Sa” ɗin da ke ba ka haushi ma daga can ya fito.

Ka ɗauki ƙafarka ka je wajen Firinsifal ɗinka ka faɗa masa. Ai shi ma ba daga sama ya faɗo ba, ɗan manomi ne. Kada ka tafi da littafin jami'a a hammata.

Allah ya ba ka baki.

Hellen.


Gindin Dutse,
10 ga Nuwamba, 1976.

Yaya Hellen,

Gaisuwa gare ku duka, da fatan alheri. Na je, ba tare da littafi ba.

Mista Kumai ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam Rufus, na yi huɗa kafin a haife ka. Kada ka koya mini gayya. Ranar jarrabawar fita wa zai shigo wa Meshak daga wancan bakin?” Ya ce abu ɗaya zai iya: in ɗayansu ya tsaya gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa cewa Meshak ya kasa, ita kuma hanya ce ta nuna masa, zai nemi a yi sassauci.

Na kira Afiniki a gaban Malama Mildred mai kula da ɗakin ’yan mata. Na ce, “Ke kika rubuta layi huɗu na ƙasa?”

Ta ce, “Takardan Yaya Meshak ne, Sa.”

Na ce ban tambaye ta ko ta wa ce ba. Na ce, “Wa ya yi aikin?”

“Shi ya gama, Sa.”

Kin gani? Ba ƙarya ta yi ba, shi ya rubuta layin da ya rufe aikin. Na ce mata za a kore ta. Hawaye suna zuba, amma ta ce, “Sa, yaya zan tsaya gaban malamai in ce babba bai iya ba?” Malama Mildred ta ce da ni, “Malam, bar ta haka, ka ishe ta.”

Meshak ya fi muni. Na same shi a bakin famfo. Ya ce, “Sa, a kore ni kawai, ni dama gona yana jirana.” Na ce ba shi za a kora ba, ita ce. Ya ce to shi bai ga hannun kowa a takardarsa ba. Yana ganin in ya ambaci sunanta shi ya miƙa ta. Na yi masa bayani sau uku cewa shirunsa ne zai miƙa ta. Ya ce, “Sa, kai ka yi magana, ga inda ya kai mu.” Ban hukunta shi ba, ko da yake doka ta ba ni dama.

Ga su nan, kowa ya rufe baki don ya kare ɗayan, kuma rufe bakin ne zai hallaka su.

Ki yarda kuma, Yaya, Mista Kumai yana da gaskiyarsa. Gona in an huɗe ta an huɗe, dawa ba ta tambayar garmar wa. Lissafi ba a gona yake zama ba, a kan mutum yake zama. Na zana wa Meshak alwatikar a ƙasa da tsinke, na bi shi layi-layi. Uku na farko hadda ce. Huɗun Afiniki bai iya ba da dalilinsu ba. Na tsakiya, wanda ya rubuta da kansa, ya bayyana shi sarai, har ya fi yadda na yi zato. Amma ɗaya ne cikin takwas. Da ta buɗe baki ta ce masa, “Yaya, dubi nan,” da ya sami huɗun, da kuma ba mu shiga wannan ba. Abin da nake roƙo tun Oktoba ke nan: su yi magana!

Ni ma na yi gayya sau ɗaya, hutun da nake aji ɗaya, a gonar Kawu Gilbert. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, amma na kai tawa kunyar huɗar har ƙarshe ni kaɗai, ba wanda ya shigar mini. Har yau in abu ya yi mini wuya ita nake tunawa. Da an gama mini, da me zan tuna?

Saura Jumma'a biyu. Ban san abin yi ba.

Ƙanenki,
Rufus.


Zonkwa,
14 ga Nuwamba.

Auta,

Gaisuwa. Na ba direban da ke zuwa Kagoro wannan don ta riga gidan waya.

Na karanta wa Mama wajen gonar Kawu Gilbert. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya ta yi kuka. Ta ce in faɗa maka, tun da Baba da ya hana a faɗa ya tafi wurin Ubangiji.

Malam Mai Digiri, kai da ka san awo, ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa kunyar kowa ta kai rafi, taka ta ƙare a tsakiyar gona ba? Ni na kai kunu ran nan, ina gani. Kanka yana ƙasa, gumi ya rufe maka ido. Baba ya shiga daga bakin rafi, ya taho, ya ɗauke garma ya koma inuwa. Da ka ɗago ka ga huɗa a gabanka, ya ce maka gonar ce ta karkace a nan, wancan na wani ne. Ka yarda. Ka dawo gida kana tafiya kamar soja.

Kai ka ce ita kake tunawa in abu ya yi wuya. To da ita ka tafi Zariya.

Ka daina jiran su yi irin maganarka. Yaran nan sun san nasu aikin. Ka ɗan ɗauke garmarka ka ba su wuri.

Hellen.


Gindin Dutse,
23 ga Nuwamba, 1976.

Yaya Hellen,

Ina gaishe ku. A kan Baba ba zan ce komai ba tukuna. Ga abin da ya faru, bi da bi.

Ranar Jumma'a na haɗa su shida-shida kamar kullum. Na rubuta tambaya a allo. Na ce makin yana shiga na zango, kamar yadda suka sani. Na ce kwamiti zai zauna Litinin, kuma ba ni da abin da zan kai masa sai abin da na gani. Na fita, na wuce bakin ƙofa, na je gindin kashu na tsaya.

Da farko shiru. Can sai na ji muryar Meshak, sai wata ta katse shi, sai aji ya kaure. Hausa, Turanci, yaren Kagoro, namu, har da wanda ban gane ba. Ana buga benci, wani yana cewa, “Ba haka ba, kawo in nuna maka!” Abin da nake nema tun zuwana, ga shi ana yi, ni kuma ina nesa ba na jin kalmomin. Sau biyu ƙafata ta ɗaga. Na tsaya.

Da aka buga ƙararrawa Meshak ya kawo mini takardun. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kowace takarda hannu biyu ne: mai ita daga sama, wani daga ƙasa, mai ita a tsakiya. Ta Afiniki, hannun Meshak ne a ƙasa, layi biyu, manyan haruffa kamar sawun shanu. Na ƙarshe kowa zai iya kwafowa daga allo. Na samansa sai wanda ya gane. Na duba shi sau uku, daidai ne.

Na kai wa Mista Kumai duka. Ya buɗe biyar, ya ce, “Hannu nawa?” Na ce biyu a kowace. Ya ce, “Kai ka sa su?” Na ce ban sa su ba, ban kuma hana su ba. Ya ce, “Ka san abin da doka ta ce?” Na ce na sani, Sa, kowa ya rubuta wa wani, su talatin da shida ne. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, “Fita.”

Jiya a kwamiti na faɗi nawa: ni na ce su taimaki juna ban ce ta yaya ba, ni kuma na ɗora maki a kai. An rubuta. Ga hukunci. Ba a kori kowa ba. An soke makin Jumma'a duka. Aji uku zai yanke ciyawar filin ƙwallo da langalanga. An hana haɗa rukuni, kuma yau da safe kafinta ya zo ya kafe bencunan layi-layi da katako. Ni an ba ni takardar gargaɗi, ta farko a aikina, wata biyu da farawa.

Afiniki tana nan, wannan ne babba, na gode Allah. Amma kada ki yi zaton murna nake yi. Rana ɗaya tak suka yi gardamar lissafi da baki, ina gindin kashu. Yanzu sun koma kallon ƙeyar juna. Har yau ban ji yarinyar nan ta faɗi yadda take tunani ba. In mun haɗu takan rusuna ta gaishe ni, idonta a ƙasa, ta yi sauri ta wuce. Ban ga laifinta ba.

Ki karanta wa Mama duka.

Ƙanenki,
Rufus.


Gindin Dutse,
4 ga Disamba, 1976.

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka.

Jiya ƙararrawar hutu ta kama ni a tsakiyar wata tambaya a allo. Gaskiya ba ƙararrawa kaɗai ba ce, na ɗauki doguwar hanya na maƙale. Da na dawo na tarar an yi rubutu da alli daga ƙasan allo ana hawowa, ƙananan haruffa masu ɗan karkata. An bar gurbin layi ɗaya tsakanin nawa da wancan. Aji shiru, kowa a kan bencinsa, kowa yana kallon littafi.

Na san hannun. Ban tambaya ba. Na ɗauki alli na cike.

Zan zo ranar sha takwas da allin Edna. In na zo ki raka ni gonar Kawu Gilbert. Ina so in ga inda ta karkace.

Ƙanenki,
Rufus.